Wa Zai Zauna Ya Saurari Yarinyar Nan?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu masu daraja, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda na san wasu za su ce ba ta dace da mujallar adabi ba. Maganar kuwa ita ce ta ciwon damuwa da ke cin 'yan matan makarantun sakandare, da irin maganin da ya kamata a yi musu, da kuma irin wanda mu muke yi musu. In an bi ni a hankali za a ga lalle maganar ta ƙungiyarmu ce, domin shi maganin da nake nufi da baki ake yin sa, kuma a nan ƙasar Zazzau da Hausa za a yi shi in dai ana so ya ci.

Duk mazaunin Kongo ya san yadda hanya take da sassafe. Daga Tudun Wada, daga Gyallesu, daga Tudun Jukun, daga cikin Birni ta Ƙofar Doka, 'yan mata ne ayari-ayari cikin hijabi, wasu sun nufi tsohuwar WTC, wasu sun nufi sauran makarantun da ke kewaye da mu. Muna wuce su muna sauri kada mu makara lacca. To, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowaɗanne yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da fargaba suna kan gaba a cikin larurorin nan. Ajin da ke da yara 70, kuma kun san akwai waɗanda suka fi haka cika, lissafi ya ba mu goma ke nan. Haka kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna daga an balaga ciwon damuwa ya fi kama mata, har yakan kai kusan ninki biyu na maza. Saboda haka ba sai mun je Legas ko Landan neman masu ciwon nan ba. Kullum muna haɗa hanya da su.

Bari in fayyace abin da nake nufi, kada wani ya ce ai kowa ma yana da damuwa, har shi da bai biya kuɗin makaranta ba. Ɓacin rai na kwana ɗaya ko biyu daban yake. Wanda likitoci ke kira ciwo shi ne wanda ya zauna wa mutum mako biyu ko fiye, kusan kullum, har ya hana shi harkokinsa. Yarinyar da a da ita ce kan gaba wajen wasa da surutu sai a ga ta koma gefe ta haɗa kai da gwiwa. Abinci ba ya yi mata daɗi, barci ya ƙaurace mata ko kuma ya yi mata yawa, ta buɗe littafi ta karanta shafi ɗaya sau biyar ba abin da ya zauna. Abu kaɗan ta fashe da kuka, ko ta fusata, domin a wurin matasa ciwon yakan fito ta hanyar saurin fushi. Can cikin ranta kuwa tana ganin ita ba ta da wani amfani, ta zame wa iyayenta kaya, har wata ta kai ga ganin mutuwa ta fi mata. Kuma da wuya ta buɗe baki ta ce ranta ne ba daɗi. Cewa za ta yi kanta na ciwo, ƙirjinta ya yi nauyi, zuciyarta na bugawa, wani abu na yi mata yawo a ka. Tun a 1960 wani likita mai suna Raymond Prince ya rubuta irin wannan kuka na ciwon kai da kasa riƙe karatu a wurin ɗaliban Nijeriya. Watau abin ya girme mu, ya girmi yawancin malamanmu.

To mu me muke yi mata? A makaranta, tun da ta daina aikin gida kuma tana gyangyaɗi a aji, an gama yanke hukunci: malalaciya ce, ko kuwa ta fara sauraren samari. Sai bulala, sai yankan ciyawa, sai a kira sunanta a gaban taron safe a kunyata ta. A gida kuma, da ta ce kai da ƙirji, sai kyamis. Can za a ce taifod ne da maleriya, in ta ƙara komawa a ce olsa ce, a yi ta ɗura mata ƙwayoyi da ƙarin ruwa har kuɗin uban su ƙare. In abin ya ƙi, sai a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. In shi ma ya yi nasa bai ci ba, sai wata goggo ta kawo shawarar da ta fi kowace arha: aure take so, a cire ta a aurar. A duk tsawon wannan tafiya, daga mai bulala har zuwa goggo, babu wanda ya jawo tabarma ya zauna ya ce, “'Yata, me ke damun ki?” ya kuma yi shiru ya jira amsa. Abin da take ji daga kowane baki kalma ɗaya ce, haƙuri. Haƙuri kuwa abu ne mai kyau, amma ban taɓa ganin wanda ya karye a ƙafa aka ce ya yi haƙuri aka hana shi maɗori ba.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta, har daga bakin masu digiri. Wai wannan ciwon Turawa ne da 'ya'yan masu kuɗi, wai mai imani da tawakkali ba ya shiga damuwa. Ina so masu wannan magana su yi hattara da abin da bakinsu ke faɗa. Annabi Yaƙubu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai shi har idanunsa suka yi fari. Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi da kansu suka sa mata suna shekarar baƙin ciki. Sa'an nan in Turawa ake ƙyama, to tun kafin su san inda aka dosa, wani malamin Musulunci mai suna Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, Masalihul Abdani wal Anfus. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san dalilinsa kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ba gaira ba dalili, ya ce wannan na biyun yana da nasaba da jiki. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ɓacin rana, ya kuma nemi wani mai hankali daga waje ya riƙa yi masa magana. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara wannan sashe zuwa Turanci a 2013. Ga mu nan a Kongo da cibiyar nazarin shari'ar Musulunci a cikin harabarmu, ga malaman Birni da zaurukansu cike da littattafai, amma wai mu ne za mu ce sauraren mai baƙin ciki bidi'ar Nasara ce!

Batun iskoki kuwa, ban zo musun samuwar aljanu ba, kuma ban hana kowa yi wa 'yarsa addu'a ba. Tambaya kawai nake da ita. A 1995 ɗaruruwan 'yan matan sakandare a Kano suka riƙa faɗuwa suna ihu suna fizge-fizge, aka ce wata aljana ce mai suna Sumbuka, masu ruƙiyya suka yi ta aiki. Makarantun 'yan mata a Jamhuriyar Nijar ma sun sha ganin irin wannan. A 1962 a wata makarantar 'yan mata ta mishan a Kashasha, cikin ƙasar Tanganyika, dariya ce ta kama yara 95 cikin 159 har aka rufe makarantar. Me ya sa kullum makarantar 'yan mata, kuma sau da yawa inda aka tsananta horo ko jarrabawa ta ƙarato? Masana halayyar ɗan Adam sun ce matsin da aka danne aka hana shi fita ta baki yakan fita ta jiki, kuma yakan yi naso daga wannan yarinya zuwa waccan. Wannan faɗuwar taro daban take da ciwon damuwa, kada a haɗa su. Amma sun yi tarayya a abu guda: bayan an yi karatu an tofa, yarinya ta farfaɗo an kaɗe mata hijabi, wa ya tambaye ta abin da ke tsakaninta da matar ubanta? Wa ya tambaye ta ko an yi mata miji ne ba ta so, ko wani malami ne ya matsa mata, ko tun da aka kwashe 'yan matan Chibok a 2014, da na Dapchi a 2018, da na Jangebe a 2021, ba ta ƙara yin barcin kirki a ɗakin kwana ba? An tambayi aljanin sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. Ita mai jikin ba a tambaye ta kome ba.

Yanzu bari in zo kan maganin, don kada a ce na cika surutu ban kawo kome a hannu ba. Mafi shahara a cikin magungunan zance shi ne wanda wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya tsara a shekarun 1960, wanda zan kira gyaran tunani da ɗabi'a. Tushensa mai sauƙi ne. Mai ciwon damuwa tunaninsa yakan karkace, ya riƙa yi wa kansa mummunar fassara, kuma ya ɗauki fassarar nan gaskiya ce tsantsa. A ce yarinya ta faɗi jarrabawar lissafi. Nan take zuciyarta za ta ce mata, “Ke daƙiƙiya ce, ba za ki taɓa cin WAEC ba, kin sa babanki asara.” Wannan tunani ya sa ta baƙin ciki, baƙin cikin ya sa ta daina buɗe littafi ta daina shiga ƙawaye, rashin karatun ya sa ta sake faɗuwa, faɗuwar ta zama shaida a wurinta cewa zuciyarta ta yi gaskiya. Haka za ta yi ta zagaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Aikin mai magani shi ne ya koya mata ta kama tunanin nan da hannu, ta sa shi a gaba ta yi masa tambayoyi irin na alƙali, abin da ku 'yan sashen shari'a kuka fi kowa sani. Ina shaida? Darasi nawa kika ci a zangon da ya wuce? Da ƙawarki ce ta faɗi, za ki ce mata daƙiƙiya? Mai maganin ba ya ce mata kome lafiya lau ne, domin wannan ƙarya ce kuma yarinyar ta san ƙarya ce. Taimaka mata yake yi ta samo fassarar da ta fi kusa da gaskiya, misali cewa lissafi na ba ta wuya kuma tana bukatar mai nuna mata.

Ɓangare na biyu shi ne na aiki. Mai damuwa yakan jira sai ransa ya yi daɗi kafin ya motsa, ran kuwa ba zai yi daɗi ba sai an motsa. Saboda haka akan zauna da ita a tsara ƙananan abubuwan da za ta yi cikin mako, waɗanda a da take jin daɗinsu: kitso, ziyarar kaka, zuwa Islamiyya tare da ƙawa, karatun minti goma sha biyar kacal. Ana koya mata jan numfashi a hankali da sassauta gaɓoɓi lokacin da ƙirji ya ɗaure, da yadda za ta ɗauki matsala guda ɗaya, ta jera hanyoyin fita, ta zaɓi ɗaya ta gwada, ta dawo mako mai zuwa ta ba da labari. Akwai kuma wata hanyar da ta fi mai da hankali ga zamantakewa, watau rashin wani makusanci, ko saɓani da na gida, ko canjin rayuwa kamar barin gida zuwa makarantar kwana, ko kaɗaici. Duk ana iya yin su a ƙungiya, yara takwas ko goma a zaune da mai jagora guda.

Wani zai ce wannan ai hira ce kawai. To an gwada hirar, an auna ta yadda ake auna ƙwaya. A Ibadan, Dakta Tolulope Bella-Awusah da abokan aikinta sun ɗauki ɗalibai 40 masu shekara 14 zuwa 17 waɗanda ke da ciwon damuwa, rabi aka yi musu zama biyar, sau ɗaya a mako, rabi suka jira. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda aka zauna da su sun sami sauƙi ƙwarai fiye da masu jira, kuma da aka sake duba su bayan wata huɗu sauƙin na nan. Yara 40 ba su da yawa, na yarda, amma ba su kaɗai ba ne. A arewacin Yuganda, a sansanonin gudun hijira na yankin Gulu, an gwada hanyar zamantakewar nan a binciken da ya ƙunshi matasa 314, zama 16, aka buga a 2007. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne 'yan mata ne suka fi amfana, a wurin samari kuwa ba a ga wani bambancin kirki ba. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata hanyar warware matsala, ya zaunar da su a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare. A gwajin da aka buga a 2016, na manya ne su 573, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon, alhali a ɗaya ɓangaren kusan rabi ne. Kakanni fa, jama'a, masu ɗaurin zane irin namu.

Amma kada wani shugaban makaranta ya karanta wannan ya ce shi ke nan, gobe zai tara yara dubu a rana ya sa a yi musu lacca a kan damuwa. An gwada mai kama da haka a Birtaniya, makarantu 84, yara fiye da 8,000, aka koya wa aji-aji dabarun natsuwa, mai ciwo da marar ciwo gaba ɗaya. Da sakamako ya fito a 2022 ba a ga ya fi darasin da aka saba yi ba. Abin da ya yi aiki a Ibadan da Gulu shi ne a gano masu ciwon, a zauna da su 'yan kaɗan, a yi ta zama mako bayan mako bisa tsari. Haka kuma akwai inda zance kaɗai ba ya isa. Yarinyar da ta daina ci da sha, ko ta fara maganar kashe kanta, ko take jin muryoyi, wannan a ranar za a kai ta ga likita, ga asibitin koyarwa nan a Shika, ga na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna. Wadda kuwa ake cin zarafinta, a gida ko a makaranta, zalunci ne a zauna ana koya mata jan numfashi a mai da ita hannun mai cutar da ita. Jihar Kaduna ta yi dokar kare yara tun 2018, kuma ɗaliban shari'a na Kongo sun fi ni sanin abin da ke cikinta.

Saura tambayar da ta fi kowace nauyi, wa zai yi aikin? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya, bisa ƙidayar da ƙungiyarsu ta sha bayarwa a 'yan shekarun nan, ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. In su za mu jira, yarinyar za ta yi jika ba ta ga layi ya zo kanta ba. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, kun ji irin saurin da muke yi. Amma tun 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi a sami masu ba da shawara a makarantun sakandare. Jami'armu tana da sashe guda a Samaru mai yaye su, ga babbar makarantar horon malamai nan maƙwabciyarmu, wadda aka kafa tun 1962. Ina suke shiga? Lokacin da na yi koyarwar gwaji a wata makarantar 'yan mata, na tarar da ƙofa an rubuta mata ofishin ba da shawara. Da aka buɗe, karyayyun kujeru ne da tsofaffin rajistoci har rufi. Ita malamar da aka ɗauka don aikin an ba ta darasi a aji shida, kuma ita ce mai rubuta sunayen masu makara. Ku gaya mini, wace yarinya ce za ta kai asirin cikinta wurin mai rubuta sunanta a kai wa mai bulala?

Mu ma 'yan jami'a kada mu yi saurin nuna yatsa, laifi tudu ne. Kowace shekara ana rubuta kundaye a kan tasirin wannan dabara ko waccan ga ɗaliban sakandaren Zariya. A shiga makaranta da takardun tambayoyi, a yi mako shida, a sami lambobi, a kare kundi, a sa hula a ɗauki hoto, kundi ya hau kanta ya sha ƙura. Yaran da aka yi digiri da hawayensu ba su ƙara ganin mai binciken ba. In kuma an tashi yin gyara sai a kira taron ƙara wa juna sani a otal, a sha shayi, a karɓi kuɗin zama, a watse.

Alhali kuwa ba daga sama za mu fara ba. Bahaushe yana da nasa wuraren sauke nauyin zuciya tun fil azal. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a nan lardin Zazzau aka buga a 1954, ya ga matsayin ƙawa a rayuwar mace. Akwai kaka da wasan jika, wadda ake gaya wa abin da ba a iya gaya wa uwa, balle ga 'yar fari da kunya ta hana uwarta ko kiran sunanta. Akwai dandali, akwai waƙar niƙa da ta daka inda mace ke amayar da abin da ke ranta ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Injin niƙa ya cinye waƙar, makaranta da talla sun cinye lokacin dandali, wayar hannu ta zo ta ba yarinya ƙawaye dubu waɗanda ba ta iya yin kuka a kafaɗar ko ɗaya. Nana Asma'u 'yar Shehu ta nuna mana yadda ake horar da mata dattijai, jajis, a tura su su zauna da mata a garuruwansu. A zamaninmu ma Cibiyar Ilmin 'Ya'ya Mata da ke nan Zariya ta shafe shekaru tana tara 'yan mata ƙungiya-ƙungiya a ƙauyukan kewaye, kowace ƙungiya da mai jagorarta mace, ana koyon karatu da zaman duniya. Tabarmar a shimfiɗe take. Abin da ya rage shi ne a koya wa irin waɗannan mata, da malaman makaranta masu riƙon amana, tsarin zaman nan biyar ko shida, a kuma sa wani ƙwararre ya riƙa duba aikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da littafin jagora na irin wannan a 2023, zama bakwai na yara da uku na iyaye, wanda aka shirya don waɗanda ba likitoci ba. Kuma ina ganin kuskure ne a ware malaman addini. Farfesa Adeoye Lambo, da ya buɗe tsarin jinyar ƙauye a Aro ta Abekuta a 1954, da masu maganin gargajiya ya yi aiki, domin ya san wurinsu jama'a ke fara zuwa. Mai ruƙiyyar da ya san alamun ciwon nan, ya yi addu'arsa sa'an nan ya ce a kai ta wurin malama wance, ya fi mana amfani da wanda muka zaga a mujalla ya toshe kunnensa.

To ga inda ƙungiyarmu ta shigo. Ku lura, masu aikin Zimbabuwe ba su je wa kakanni da sunan ciwo na Turanci ba. Sun yi amfani da kalmar mutanen Shona, kufungisisa, watau yawan tunani. Masu aikin Gulu ma sai da suka fara zama da matasan Acholi suka tattara sunayen da su da kansu ke kiran ciwon, sa'an nan suka gina ma'auninsu a kai. Mu fa? Yarinyar Ƙofar Gayan ko Tudun Jukun tana tunaninta da Hausa, zuciyarta da Hausa take zagin ta, amma takardar tambayoyin da za a miƙa mata da Turanci take, Turancin da a aji ma da ƙyar take bin sa. In an ce mata ciwon ƙwaƙwalwa, hauka ta ji. In an ce taɓin hankali, uwarta za ta rufe ƙofa, don ta san daga ranar da maganar ta fita unguwa an gama da batun mijin aure, har ma na ƙannenta. Kalma ɗaya marar kyau ta isa ta kori gida guda daga magani.

Muna da damuwa, da baƙin ciki, da ɓacin rai, da ƙunci, da takaici, da zullumi, da fargaba, da alhini, da ƙunar zuci, da mutuwar jiki, da sanyin gwiwa. Kowace da inda ta dosa, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san bambancin takaici da alhini sarai. Wa ya zauna ya jera su, ya tambayi 'yan matan kansu wacce suke faɗa in abin ya taso, wacce kuma suke jin kunyar faɗa? Wa zai samo mana sunan da za a kira zaman nan da shi, wanda uba zai ji ya bar 'yarsa ta je ba tare da ya ga an ce gidansa akwai mahaukaciya ba? Likita bai karanci wannan ba. Mu ne muke kwana muna tashi da kalmomi, muna gardama a kan karin waƙa da asalin Bayajida har a kira sallar magariba.

Saboda haka ina kawo wa shugabannin ƙungiya shawara a fili, kuma ina so a sa ta cikin ajandar taro mai zuwa. A kafa ƙaramin kwamiti, a gayyato malami guda daga sashen ba da shawara na Samaru da likita guda daga Shika, domin kada mu yi karambanin yin magani ba da sani ba. 'Yan'uwanmu mata na cikin ƙungiya su ne za su shiga makarantun, da izinin hukuma da na iyaye, su saurara su tattaro kalmomi, ba tare da rubuta sunan kowace yarinya ba. Daga nan a zauna a mai da zaman nan biyar cikin Hausar da 'yar aji uku za ta gane, da misalan gidajenmu, na kishiya da riƙo da talla da kuɗin jarrabawa. Makaranta ɗaya za mu roƙa ta fara ba mu ɗaki guda mai ƙofar da ke rufuwa, da malama guda wadda aka rage wa darasi aka kuma karɓe rajistar masu makara daga hannunta. Kujerun da ke cikin ɗakin, in an ba mu rana, mu 'yan ƙungiya za mu zo mu kwashe su.